Kusurwar da Haulatu Ke Sharewa

A Kwarin Aduwa, wani ƙauye da ke gefen hanyar Daura zuwa Sandamu, in ka ce kana neman Haulatu za a tambaye ka wace a ciki, don sun kai biyar. Amma ka ce Haulatu ta juji, nan take za a nuna maka da baki. Ita ma ta san da sunan, kuma bai taɓa hana ta cin tuwonta ba.

Doguwa ce siririya, mai manyan tafukan hannu irin na maza, ba ta da yawan magana amma in ta yi guda ɗaya sai ka kwana biyu kana juya ta. Shekara ashirin, kullum rana na ɗagowa za ka gan ta da tsintsiya da tsohuwar ƙwarya ta nufi jujin da ke tsakiyar gari. Jujin nan kuwa gidan ubanta ne, Malam Auta. Da iyayen suka rasu, 'yan'uwanta maza suka watse, damina ta ci katanga, ɗakuna suka zube ɗaya bayan ɗaya. Mutanenmu kuma ka san halinsu da kango. Yau a watsa toka, gobe a jefa mushen kaza, jibi ya zama na kowa, har a riƙa faɗa da kai in ka hana.

Aikinta a wurin tsari gare shi. Toka da kashin awaki da ɓawon gyaɗa da ragowar tuwo, duk tana kwashe su ta kai gefen yamma, inda rumbun ubanta yake a da, ta tara su tuli guda, tana yayyafa ruwa tana juyawa. Kafin bazara sun zama baƙin taki, manoma su zo da jakuna su ɗiba. Leda ta wanke ta, ta tufka igiyar ɗaure awaki. Gwangwani da ƙarfe ta ajiye wa masu saye. Takardar da ta ga rubutun Arabiyya a jiki ta ƙona ta daban a cikin kasko. Sannan akwai wata kusurwa daga gabas, faɗinta bai fi tabarma ba, wadda take sharewa tas har ka ga ƙasar tana sheƙi. Ko tsinke ba ya kwana a wurin. Mutane suka ce ai wurin hutawarta ne, suka bar maganar a haka.

Abin da ba wanda ya sani shi ne, ba taki ne ya kai ta jujin ba. Takin daga baya ya zo.

A shekarar da aka fara yaƙin basasa, tana da shekara goma sha takwas, ta zo gidan nan goyon ciki kamar yadda ake yi wa duk mai cikin fari. Ta haifi namiji a tsakiyar damina. Mijinta Dabo ya zo ya yi masa huɗuba a kunne, ya tafi neman ragon suna. Kwana huɗu yaron ya yi lafiya. Ran na biyar da safe ya ƙi kama nono, kafin azahar ya cika. Ruwa kuwa kwana uku ana zuba shi, rafin da ke tsakanin gari da maƙabarta ya kawo har wuya, ba mai iya ƙetarewa. Malam Auta ya ce a sa shi a cikin gida, yadda ake yi wa jarirai a zamanin da.

Tana kwance a ɗakin uwarta ta ji an fara sara ƙasa a bayan ɗakin, daidai kanta. Sara ɗaya, biyu, uku. Sai uwarta ta leƙa tsakar gida ta ce wa mata su ɗora daka. Aka sa taɓarya uku a turmi ɗaya, ƙarar ta rufe komai. Da Haulatu ta buɗe baki za ta yi kuka, gwaggonta ta toshe mata shi da gefen zane.

"Ke! Ɗan fari? So kike a yi da mu a gari? Rufe min baki."

Ta rufe. Wanda bai tashi cikin wannan al'ada ba zai ɗauka rashin imani ne, alhali ba haka ba ne. Ɗan fari, uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in an tambaye ta lafiyarsa sai ta kau da kai. In ya rayu kakanni su rungume shi, in ya mutu kakanni su yi kukan. Ba wanda ya nuna mata wurin, ita ma ba ta tambaya ba. Wa za ta tambaya, kuma da wane bakin? Ta haifi shida bayansa, huɗu suka tsaya. Dabo ya yi zamaninsa ya rasu, maganar ba ta taɓa haɗa su ba ko sau ɗaya.

Ranar da ta bi ta kangon ta tarar an juye fon yara a bayan inda ɗakin uwarta yake, ranar ba ta iya cin abinci ba. Washegari ta ɗauki tsintsiya. Da aka tambaye ta abin da take nema a juji, tana matar mutum mai rufin asiri, ta ce taki. Tunda ta faɗa kuma, dole ta yi takin. Haka ƙarya guda ta zama sana'a, sana'ar ta ciyar da ita da jikoki.

To, shekara biyar da ƙaddamar da shari'a a jihar, ƙaramar hukuma ta fito da shirin rage shara a gidaje. Aka turo wata ma'aikaciyar duba-gari daga Daura, Siddiƙa, yarinya mai kuzari, hijabinta har ƙasa, bakinta ba ya gajiya. Gida-gida take bi tana koya wa mata su raba shara uku: mai ruɓewa, leda da roba, sai ƙarfe. Matan suka saurare ta da ladabi har ta gama, sannan wata ta ce, "Malama, ai wannan duk aikin Haulatu ta juji kika faɗa mana."

Siddiƙa ta je ta gani da idonta. Ta tsaya gaban tulin takin, ta damƙo shi ta shinshina, ta ja igiyar ledar da ƙarfinta ta kasa tsinkawa. "Inna," ta ce, "mu da muka je makaranta a kan wannan, wallahi a takarda kawai muka gani."

Daga nan ta maƙale mata. Duk Asabar sai a tara mata a gidan mai gari, a sa Haulatu a gaba ta nuna yadda ake yi. Kuma kada in ɓoye maka, ta ji daɗin abin. Matar da aka yi shekara ashirin ana toshe hanci in ta gifta, yau ita ake shimfiɗa wa darduma. Cikin wata huɗu leda ta ragu a lunguna, awakin da ke mutuwa da kumburin ciki suka yi sauƙi, matan da suka fi kowa yi mata dariya suka koma aiko mata da tambaya.

Sai wata Litinin Siddiƙa ta diro daga bayan acaba tun bai gama tsayawa ba.

"Inna, albishirinki!"

"Goro."

"Kwarin Aduwa ce ta zo ta ɗaya a duk ƙauyukan da ke cikin shirin. Ranar Alhamis za a kawo katafila a kwashe jujin nan gaba ɗaya. Za a haƙa ramukan taki uku a yi musu siminti, a yi rumfar kwano, ke za a damƙa wa wurin."

Tsintsiyar da ke hannun Haulatu ta tsaya. "A ina za a haƙa ramukan?"

"Duk filin za a kankare, sannan a yi ƙasa kamar tsayin mutum. Daga can za a fara." Ta nuna kusurwar gabas. "Injiniya ya ce wurin da kike sharewa ya fi ko'ina tauri."

Haulatu ta ce ai ramin taki a tsakiyar gari zai kawo wari. Siddiƙa ta ce za a rufe su da murfi. Ta ce sauro fa? Siddiƙa ta ce jujin da ke nan yanzu ai ya fi tara sauro. Ta ce bayan gari akwai fili iya ganinka. Yarinyar ta yi dariya ta rungume ta. "Inna, kunya kike ji za a yi taro dominki. Ki saki jikinki, kin ci abinki da guminki." Ta haye acaba ta tafi, ta bar tsohuwa tsaye, saura kwana uku.

Ranar Talata ta nufi wurin Saminu. Ɗan yayanta ne, marigayi Amadu, shi ne mai unguwa yanzu, shi kuma ya sa hannu ya ba hukuma filin da yawun sauran magada. Ta same shi a zaure da maza huɗu ana lissafa baƙin da za su zo. Ya taso ya durƙusa ya gaishe ta, don ba shi da raini, sai dai yana da gaggawa da son a ce ya yi.

"Saminu, filin nan a bar shi."

"A bar shi kamar yaya, Gwaggo?"

"A bar shi yadda yake."

Ya dubi mazan, mazan suka dubi ƙasa. Ya rage murya, amma ba yadda ba za su ji ba. "Gwaggo, ke da bakinki kika yafe kasonki a gaban liman ranar rabon gado. In wani ne ya zuga ki don ya ji gwamnati ta shigo, ki faɗa min ko wane ne."

Kai, maganar nan ta soke ta. Ita da ba ta taɓa neman ko cokali ba a kayan ubanta! Zafin ne ya tura ta har ta ce, "Akwai abin da ke wurin."

"Mene ne?"

Ta dube su. Maza biyar, dukkansu ta girme su, biyu ma a gabanta aka yanke musu cibiya. Ta ce, "Takina."

Saminu ya saki ajiyar zuciya, har da murmushi. "Haba Gwaggo, don wannan? Tifa za ta kai miki shi har gona, ko ƙwarya ɗaya ba za ta ɓata ba."

Ranar Laraba da hantsi ta shiga gidan liman, da niyyar ta faɗa wa matarsa, matar ta isar. Tana zaune an kawo mata ruwa, sai ta jiyo ɗaliban zaure suna muhawara da ƙarfi, irin samarin nan da suka dawo daga karatu, komai a wurinsu ko sunna ne ko jahilci, babu tsakiya. Ba ma a kan kabari suke magana ba, amma ta dakata da maganarta. In ta faɗa, me za su ce da Malam Auta, mutumin da ya karantar da iyayensu, a ce ya binne mutum a bayan ɗaki? Ita kuma me za su ce da ita, uwar da ta san ɗanta na ƙarƙashin juji ta yi shiru shekara ashirin ana zuba masa ƙazanta a gefe? Ta sha ruwan, ta yi zancen damina, ta yi zancen ciwon ƙafa, ta yi sallama.

A hanya ta yi kiciɓis da Hamma. Taubashinta ne, ɗan gwaggonta, tsohon dillalin shanu da ya ci kasuwar Mai'adua har gwiwoyinsa suka gaji. Tun suna yara ba su taɓa yin maganar hankali ba, in sun haɗu sai tsiya, shi ya ce ita baiwarsa ce, ita ta ce shi bawanta ne.

"Baiwata," ya ce, "an ce gobe za ki zama ma'aikaciyar gwamnati."

"In na zama, kai zan fara sa a kwashe da sharar."

Ya yi dariya, amma gajeriya. Bai wuce ba. Ya dogara da sandarsa yana kallonta. "Haule, ba abin da za ki ce?"

"Me zan ce wa bawa?"

Ya daɗe a tsaye, sannan ya gyaɗa kai ya tafi. Ita hankalinta ba ya wurin balle ta lura.

Da la'asar ta ɗauki fartanya ta nufi kusurwar, wai ko ta tona da kanta. Ta tarar da matasa sun cika wurin suna kafa rumfa, suna shafa wa duwatsu farar ƙasa saboda baƙi. Ko da ma babu kowa, in ta tona ta samu, ta kai shi ina? A ƙwarya za ta ɗauko ɗanta ta ratsa gari da shi? Ta koma gida da fartanyar a saɓe, ta ce wa jikokinta zazzaɓi take ji.

Alhamis tun da safe gari ya ɗauka. Babbar mota ta sauke katafila a bakin titi, rawaya, ƙatuwa, tana tafe ƙasa na girgiza. An jera kujeru, ga kansila, ga mai gari, ga liman, mata daga baya sun yi layi da mayafai. Siddiƙa ta kawo wa Haulatu sabuwar atamfa, ta zaunar da ita a kujerar roba a gaban mata. Aka yi addu'a, aka yi jawabi, aka ambaci sunanta sau uku ana tafi. Ba ta ji ko ɗaya ba. Idonta na kan bakin ƙarfen nan mai faɗin ƙofar zaure biyu.

Direba ya fara daga bakin hanya. Tura ɗaya ya yi, sharar shekaru ta naɗe kamar tabarma, yara suka sa ihu. Ya ja baya, ya sake turawa. Kowane zuwa sai ya ci taku biyar, kowane zuwa sai ya ƙara karkata gabas. Haulatu tana ƙirgawa da ido. Saura zuwa uku. Zufa ta jiƙa sabuwar atamfar. Ta ce a ranta in ya ja baya wannan karon za ta tashi. Ya ja baya, ba ta tashi ba. Saura biyu. Ta damƙe hannun kujera har robar ta lanƙwashe. Saura ɗaya.

Ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Mutane dai sun ga tsohuwa ta ratsa fili da sauri, takalminta ɗaya ya fita ba ta waiwaya ba, ta je tsakiyar kusurwar ta zauna daɓas, ta miƙe ƙafafu. Direba ya taka birki da salati. Bakin ƙarfen ya tsaya, ƙasar da ya turo ta gangaro har kan ƙafarta.

Saminu ne ya fara isowa, fuskarsa ta yi baƙi. "Gwaggo, don girman Allah! A gaban baƙi? Me na yi miki za ki tozarta ni haka?" Ya kai hannu zai ɗaga ta, ta dube shi sau ɗaya, ya janye. Siddiƙa ta durƙusa gefenta. "Inna, ko wani abu na yi? Ki faɗa min." Daga cikin mata aka fara cewa ai dama, mai zama a juji shekara ashirin, wa ya san abin da ya shafe ta. Wani ya ce a kira 'yan agaji su ɗauke ta.

Liman ya taso a hankali, ya sa aka kashe injin.

"Haulatu," ya ce, "ni na san ki, ba ki da taɓuwa, ba ki da rigima. Me ke wurin nan?"

Ta sunkuyar da kai. Gari guda yana jira: surukanta, 'ya'yanta, jikokinta, baƙi daga Daura.

"Allah ya gafarta Malam," ta ce. "Akwai mutum."

"Wane ne?"

Ta ja mayafi ta rufe fuskarta gaba ɗaya, daga cikin mayafin maganar ta fito. "Nawa ne. Na fari."

Aka ɗauki salati. Tsofaffin mata suka gane nan take, wasu suka fashe da kuka. Matasa kuwa sai da aka yi musu bayani. Saminu ya zube a ƙasa ya dafe kai, bai san ma an taɓa yin yaron ba. Liman ya ce abin da Malam Auta ya yi lalura ce, Allah ya jiƙansa, kabari kuma kabari ne ko na ɗan kwana ɗaya. A kewaye kusurwar, a matsar da ramukan yamma. Injiniya ya ce babu damuwa, filin ya isa.

Wayyo, ka ga yadda jikinta ya saki! Ta faɗa, sama ba ta faɗo ba, ba wanda ya zagi ubanta. Siddiƙa ta riƙe ta, aka kawo mata ruwa. Saminu ya miƙe yana share ido, don ya huce kunyarsa ya ɗaga wa direba hannu. "To, juya can. Fara da tulin takin, a zuba mata a tifa."

Injin ya tashi. Katafila ta juya a hankali ta nufi yamma, ta sauke baki a gindin tulin, ta fara shiga.

"Tsaya! Kai, tsaya!"

Hamma ne. Tsohon da ke jan ƙafa ya yar da sanda yana gudu, ya faɗi, ya tashi, yana ɗaga hannuwa biyu. Direba bai ji ba, sai da matasa suka yi ta dukan jikin motar. Ta tsaya da kusan kamu biyu na tulin a bakinta.

Hamma ya tsaya yana haki. Bai dubi liman ba, bai dubi kansila ba, ita ya duba.

"Haule, ba can ba ne. Nan ne."

Ta yaye mayafin. "Na ji saran da kunnena. A bayan ɗakin Inna."

"A can na fara. Ni na riƙe fartanyar. Sara uku na yi ruwa ya ɓulɓulo, don nan indararo ke zuba. Kawu ya ce mu koma gindin rumbu, wurin ya fi tudu." Ya nuna kututturen tsamiyar da ke bakin lungu. "Taku bakwai daga can. Na auna shi ya fi sau ɗari a raina."

Ta bi yatsansa da ido. Taku bakwai daga kututturen ya faɗa tsakiyar tulin, inda ya fi tsayi. Tulin da ba kowa ya tara shi ba sai ita. Duk abin da ta share daga kusurwar, duk tokar gari da kashin awakinsu, shekara ashirin, ƙwarya-ƙwarya, da hannunta ta kai ta juye a wurin.

"Kana gani," ta ce. "Kullum kana wucewa kana gani."

"Na zaci kin sani." Hawaye na bin gemunsa. "Wallahi na zaci da gangan kike tara naki a kai, don kada wani ya taka wurin ko ya zuba abin da ya fi wannan. Tun Litinin nake jira ki yi magana, ke ce uwa. Ni ta ina zan fara yi miki wannan zancen?"

Liman ya ce babu laifi a kanta, Allah niyya yake dubawa. Mata suka ce haka ne. Ta ji su, amma maganar ba ta shige ta ba. Ta miƙe ta tafi gindin tulin da ƙafa ɗaya ba takalmi, ta durƙusa, ta sa hannu biyu ta fara yaye takin. Saminu ya aika a kawo shebur, ta ce kada ƙarfe ya sake taɓa wurin. Baƙi suka shiga motocinsu ba sallama. Katafila ta koma gabas, ta haƙa ramukan a kusurwar da ta yi shekara ashirin tana sharewa, ba a samu komai ba sai jar ƙasa.

Kwana shida suka yi suna kwasa da ƙore, ita da Siddiƙa da matan unguwa. Hamma kullum yana zaune kan kututturen, ba tsiya, ba wasa. Ran na shida da hantsi suka kai ƙasar asali. Babu tudu, babu dutse, babu wata alama, ƙasa ce baƙa mai laushi. Ya taso ya taka bakwai, ya zana da sandarsa. Wurin bai kai tsayin hannunta ba.

Matan suka ja baya. Ta zauna a gefen zanen da ya yi, ta daɗe tana kallonsa.

"Hamma."

"Na'am."

"Ka ga fuskarsa?"

"Ni na riƙe shi aka yi masa wanka."

"Ni ban gani ba," ta ce. "Ɗakin kullum cike da mata. In an miƙo min shi bango nake kallo har ya gama sha." Ta haɗa hannuwanta a cinya. "Da wa ya yi kama?"

Tsohon ya dubi fuskarta.

"Da ke, Haule. Har goshin."

Ta kai hannu ta shafa goshinta a hankali, daga wannan gefe zuwa wancan, takin da ke yatsunta ya bar baƙin layi. Sannan ta kifa kai a gwiwa ta yi kuka da ƙarfi, har ana jiyowa daga bakin titi.